Shaida da Kirari: Tarken Littafin Abdul-Jabbar a kan Sojojin Tanka Baƙar Fata na Amurka

Duk malamin da ya taɓa karantar da Yaƙin Duniya na Biyu a kolej ko a lise ya san yadda darasin yake tafiya. Akwai sunayen shugabanni, akwai ranakun manyan gwabzawa, akwai taswira mai kibau da ke nuna inda runduna kaza ta bi, daga ƙarshe kuma a rubuta adadin miliyoyin da suka halaka a allo, ɗalibai su kwafa. Wanda ba a cika gani a wannan darasi ba shi ne sojan da ya yi yaƙin da jikinsa, wanda yake da suna da uwa da unguwa, wanda kuma in yana da sauran kwana yakan dawo gida ya ci gaba da neman abinci kamar kowa. Littafin da za mu tarka a nan, mai suna Brothers in Arms, wato ƴan'uwan juna a fagen fama, ƙoƙari ne na cike wannan gurbi. An buga shi da Ingilishi a Amurka a shekarar 2004, yana kuma ba da labarin Bataliya ta 761 ta tankokin yaƙi, rundunar baƙar fata ta farko da Amurka ta tura filin daga a cikin tanka.

Manufar wannan tarke biyu ce. Ta farko, a auna littafin a matsayinsa na aikin adabi da tarihi, a ga inda ya yi ƙarfi da inda ya yi rauni. Ta biyu, a duba tambayar da littafin ya taso da ita, wadda ta shafi duk al'ummar da aka danne labarin mazan jiyanta: in lokacin faɗin labarin ya zo, yaya za a faɗe shi ba tare da an zarme an mai da shaida kirari ba?

Marubutan da asalin littafin

Mutum biyu ne suka rubuta littafin. Na farko shi ne Karim Abdul-Jabbar, shahararren ɗan ƙwallon kwando da aka haifa a birnin Niyok a 1947, wanda ya musulunta tun yana matashi, ya kuma bar wasa a 1989. Mutane da yawa ba su san cewa tarihi ya karanta a jami'a ba. Na biyu shi ne Anthony Walton, marubuci kuma malamin adabi. Mahaifin Abdul-Jabbar ɗan sanda ne a rundunar da ke kula da jiragen ƙasa na birnin Niyok, yana kuma da aboki a wurin aiki mai suna Leonard Smith. Yaron ya tashi yana ganin wannan abokin babansa, mutum mai fara'a da barkwanci, bai taɓa sanin cewa ya ratsa Turai a cikin tankar yaƙi ba sai a 1992, lokacin da aka nuna wani fim a kan bataliyar.

Wannan shi ne ƙashin bayan littafin, kuma zaɓi ne mai kyau. Marubutan ba su ɗauki janar ko kwamanda a matsayin tauraro ba. Sun ɗauki ƙaramin soja, suka haɗa shi da abokan yaƙinsa irin su William McBurney da Preston McNeil, suka bi su tun daga gidajen iyayensu har sansanin horo, har Turai, har dawowa. Shirun da Smith ya yi na kusan shekara hamsin a gaban ɗan amininsa shi kansa wani ɓangare ne na jigon: mutum ba ya ba da labarin da ya san ba za a yarda da shi ba.

Warwarar labarin

An kafa Bataliya ta 761 a watan Afrilu na 1942 a sansanin Claiborne da ke jihar Luwiziyana, daga baya aka mai da ita sansanin Hood a jihar Teksas. A wancan lokaci sojan Amurka a rabe yake bisa launin fata. Baƙar fata fiye da miliyan ɗaya sun sa kaki a wannan yaƙi, amma galibinsu an ajiye su a aikin dako da tuƙin mota da girki da gina hanya. Bataliyoyin tanka uku kawai aka ware musu: ta 758 da ta 761 da ta 784. Tambarin ta 761 baƙar damisa ce, kwamandanta kuma farar fata ne, Laftanar Kanar Paul Bates. Sun shafe fiye da shekara biyu suna atisaye, domin manya ba su yi niyyar tura su ba, sai da asarar tankoki da mutane ta yi yawa a Faransa.

Sun sauka a gaɓar Nomandi ranar 10 ga Oktoba 1944, su wajen mutum 700, aka sa su ƙarƙashin Runduna ta Uku ta Janar George Patton. A farkon Nuwamba suka shiga wuta a yankin Loren, a ƙauyuka irin su Vic-sur-Seille da Morville-lès-Vic, cikin ruwan sama da caɓi. A nan ne labarin Saje Ruben Rivers ya faru. Ranar 16 ga Nuwamba tankarsa ta taka nakiya kusa da Guébling, ƙafarsa ta tsage har ƙashi. Ya ƙi yarda a kwashe shi zuwa asibiti, ya shiga wata tanka ya ci gaba da yaƙi kwana uku, har aka kashe shi ranar 19 ga wata yana ba abokansa kariya domin su ja da baya. Kyaftin ɗinsa, David Williams, ya nemi a ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka. Takardar ba ta je ko'ina ba.

A ƙarshen Disamba na 1944 aka tura su Beljiyam domin tare farmakin ƙarshe da Jamusawa suka kai a dajin Arden, a watan Janairu na 1945 kuma suka gwabza a garin Tillet cikin dusar ƙanƙara. A can aka lalata tankar da Smith da McBurney suke ciki, direbansu ya mutu, su kuma suka tsira da jan ciki mai nisa a cikin sanyi. A watan Maris suka shiga cikin dakarun da suka fasa katangar tsaron Jamus da ake kira layin Siegfried. A farkon Mayu suka isa Ostiriya, suka haɗu da sojojin Tarayyar Sobiyat a bakin kogin Enns, kusa da garin Steyr. Jimillar kwanakin da suka yi a fagen fama 183 ne, a ƙasashe shida.

Sakamakon ya zo a makare. Sai a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya ba bataliyar takardar yabo ta shugaban ƙasa. Lambar Rivers kuwa sai ranar 13 ga Janairu 1997 Shugaba Bill Clinton ya miƙa ta ga danginsa, tare da na wasu baƙar fata shida, bayan binciken da sojan Amurka ya sa aka yi ya nuna cewa babu baƙar fata ko ɗaya da aka ba wannan lamba a yaƙin, kuma wariya ce sanadi. Cikin mutum bakwan nan, Vernon Baker kaɗai ya rayu ya karɓi tasa da hannunsa.

Inda littafin ya yi ƙarfi

Babban abin yabo a littafin shi ne yadda ya shigar da mai karatu cikin tankar. Daga nesa, tanka alama ce ta ƙarfi: dutsen ƙarfe mai tafiya, mai nauyin fiye da tan 30. Daga ciki kuwa ɗaki ne ƙunci mai ɗaukar mutum biyar. Akwai kwamanda, wanda dole ya riƙa leƙo da kansa waje in yana so ya ga hanya, abin da ya sa maharba suka fi samun sa. Akwai mai saita igwa, da mai ɗura mata harsashi, da direba, da mataimakin direba mai riƙe da mashinga. Kewaye da su harsasai ne da man fetur. Tankar da Amurka ta fi ƙerawa, Sherman, wadda aka yi kusan 50,000, tana da sauƙin gyara da juriyar tafiya, amma sulkenta bai iya tare harsashin manyan igwogin Jamus ba, kuma ko sojan ƙasa ɗaya mai ɗauke da makamin fasa tanka a kafaɗa yana iya gamawa da ita daga bayan katanga. In wuta ta kama, daƙiƙoƙi kaɗan ne tsakanin mutum da ajalinsa.

Wannan bayani yana da amfani ga jigon littafin gaba ɗaya. Hujjar da masu wariya suka riƙe ita ce wai baƙar fata ba shi da kaifin tunanin da aikin tanka yake buƙata. Marubutan ba su tsaya dogon musu da wannan magana ba. Sun nuna aikin kansa: lissafin nisa, karanta taswira, magana ta rediyo, gyaran inji cikin duhu, da yanke shawara kafin ƙiftawar ido. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wanda ya karanta yadda mutum biyar suke sarrafa wannan na'ura tare, kowa ransa a hannun ɗan'uwansa, ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kan daidaiton ɗan Adam.

Abu na biyu shi ne yadda littafin ya riƙe yaƙe-yaƙe biyu a hannu ɗaya. Tun a 1942 jaridar baƙar fata ta Pittsburgh Courier ta yi shelar neman nasara biyu, ɗaya a kan Hitila a waje, ɗaya a kan wariya a gida. Sojojin bataliyar sun ɗanɗani na gida tun kafin su ga na waje. A garuruwan kudancin Amurka da ke kusa da sansanoninsu, sojan baƙar fata ba ya zama a gaban mota, ba ya shiga gidan abincin farare, alhali fursunonin yaƙi Jamusawa da aka kawo Amurka suna samun abin da aka hana shi. Ranar 6 ga Yuli 1944 wani ƙaramin hafsa da ke tare da bataliyar, Jackie Robinson, ya ƙi komawa kujerar baya a motar safa ta soja a sansanin Hood. Bates ya ƙi sa hannu a gurfanar da shi, sai aka sauya masa bataliya aka kai shi kotun soja, kotun kuma ta wanke shi. Bai je Turai ba, amma a 1947 shi ne ya karya shingen wariya a babbar gasar besbol ta Amurka.

Shi kansa Patton misali ne na wannan fuska biyu. Ya tarbi bataliyar da jawabin ƙarfafa gwiwa wanda tsofaffin sojojin suka riƙa tunawa da alfahari har tsufansu. Amma a littafin tunawarsa da aka buga a 1947, bayan rasuwarsa, ya bayyana cewa bai yarda baƙar fata ya dace da yaƙin tanka ba. Fim ɗin da aka yi a kan rayuwarsa a 1970, wanda ya ci kyautar Oska bakwai, bai nuna bataliyar ba. Baƙar fatan da ake gani kusa da janar ɗin shi ne sojan da ke yi masa hidima. Wanda ya san wannan fim zai gane irin ramin da Abdul-Jabbar da Walton suka zo cikewa.

Inda littafin ya yi rauni

Raunin littafin ya fara ne daga bangonsa, inda ƙaramin take ya kira labarin gagarumin tarihin jarumai da aka manta. Wannan lafazi na maroƙi ne. Kirari yana da gurbinsa, kuma mu da muka gaji waƙoƙin mazaje da na fada mun fi kowa sanin darajarsa. Sai dai mai sauraron kirari ya san kirari yake ji. In makaɗi ya ce gwarzonsa ya kori dubu shi kaɗai, babu wanda zai je ƙirga gawa. Matsala tana tasowa ne in kirari ya sa rigar tarihi, ya zo da ranaku da sunayen garuruwa, domin a nan mai karatu ba ya iya rarrabe abin da aka gani da abin da aka ƙawata.

Salon da marubutan suka zaɓa ya ƙara wannan haɗari. Sun tattara hirarraki da tsofaffin sojoji da takardun soja da littattafan da suka gabace su, cikinsu har da wanda ɗan jarida Trezzvant Anderson ya wallafa tun a 1945, suka narkar da su cikin murya guda mai ba da labari kamar ƙagaggen littafi. Wannan ya sa karatun ya yi daɗi, shafi yana jan shafi. Amma an biya kuɗinsa. Muryar dattijo mai shekara kusan tamanin da ke tuna abin da ya faru yana saurayi daban take da rahoton da magatakardan bataliya ya rubuta a daren da abin ya faru. Kowace tana da gaskiyarta da makantarta. Dattijon ya san tsoro da ƙanshin ƙonannen ƙarfe, amma yana iya rikita sunan ƙauye. Magatakardan ya san sunan ƙauyen, amma yana iya barin abin da shugabansa ba ya so a rubuta. In aka gauraya su, malamin da ke son koya wa ɗalibi auna hujja ya rasa abin aiki.

Rauni na biyu yana cikin bayanin dalilin mantuwar. Wariya ita ce babban sanadi, babu tababa. Amma akwai wani sanadi a tsarin sojan kansa wanda ya kamata mai karatu ya riƙe. Bataliyar tanka irin ta 761 ba ta cikin wata babbar runduna ta dindindin. Aro ake ba da ita: yau tana tare da Runduna ta 26 ta sojan ƙasa, gobe ta 87, jibi ta 103 ko ta 71, wani lokaci ma a rarraba ta kashi-kashi. In an ci gari, sunan babbar rundunar ake rubutawa. Bataliyoyin farare masu irin wannan matsayi su ma sun sha wannan rashi. Fahimtar haka ba ta rage laifin wariya ba. Tana nuna yadda wariya take aiki ne: ba kullum take buƙatar ƙarya ba, wani lokaci ya ishe ta ta bar takarda ta kwana a aljihun tebur.

Rauni na uku shi ne jarabar da ke cikin zubin labarin. Labarin da ya fara da zalunci ya ƙare da lambar yabo yana kwantar wa mai karatu da hankali, kamar an biya bashi. Amma shekara 52 ne tsakanin mutuwar Rivers da lambarsa. Dokar da Shugaba Truman ya sa wa hannu ta kawar da wariya a soja ta zo ne a 1948, kuma waɗanda suka dawo a 1945 da 1946 sun tarar da kujerar baya tana jiran su. Mai karatu mai lura zai riƙe wannan tazara a ransa, kada bikin ƙarshe ya shafe ta.

Darasin wani fim

Wanda yake ganin wannan taka-tsantsan ya yi yawa, sai ya dubi abin da ya sami fim ɗin nan na 1992 mai suna Liberators, wato masu ƴantarwa. An nuna shi a gidan talabijin na jama'a na Amurka a watan Nuwamba na shekarar, aka kuma yi gagarumin taron kallonsa a unguwar Harlem, a lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin baƙar fata da Yahudawa a birnin Niyok. Fim ɗin ya nuna cewa sojojin Bataliya ta 761 suna cikin waɗanda suka ƴantar da sansanonin gwale-gwale na Buchenwald da Dachau. Niyyar mai kyau ce: a nuna waɗanda aka zalunta a gida suna buɗe wa waɗanda aka zalunta a Turai ƙofa. Har an sa fim ɗin cikin masu neman kyautar Oska.

Sai dai takardun soja ba su goyi bayan maganar ba. An ƴantar da Buchenwald ranar 11 ga Afrilu 1945, Dachau kuma ranar 29 ga wata, kuma wasu rundunoni ne dabam aka san sun yi aikin. Cikin waɗanda suka fito suka musanta har da wasu tsofaffin sojojin bataliyar, waɗanda suka ce ba sa son a yaba musu da abin da ba su yi ba. A farkon 1993 gidan talabijin ɗin ya janye fim ɗin, binciken da ya sa aka yi kuma ya ce ba a iya tabbatar da iƙirarin ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Abin takaicin shi ne gaskiyar da ke hannu ta isa: a farkon Mayu 1945 bataliyar tana tare da Runduna ta 71 da ta isa sansanin Gunskirchen a Ostiriya, reshen Mauthausen, inda aka tarar da mutum wajen 15,000, galibinsu Yahudawan Hangari, cikin yunwa da cuta. An bar sansanin da ba a san sunansa ba aka kama masu suna, sai aka ba maƙiya sandar dukan labarin gaba ɗaya. A inuwar wannan rikici aka rubuta Brothers in Arms, kuma da wannan ma'auni ya kamata a karanta shi da duk wani littafi irinsa.

Abin da ya shafe mu

Littafin labarin Amurka ne, an kuma rubuta shi domin Amurkawa. Amma mai karatu a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai zai ga wani abu da ba Ba'amurke ne zai nuna masa ba. A daidai kakar 1944 da ake shigar da baƙar fatan Amurka yaƙi a Loren, a kudu da su kaɗan Faransa tana janye dubban sojojinta na Afirka baƙar fata daga fagen fama, waɗanda suka sauka a Furobans a watan Agusta, tana miƙa makamansu da kakinsu ga matasan Faransawa. An ba da hujjar sanyi. Haka kuma rundunar tanka ta Janar Leclerc, wadda tushenta yake a ayarin da ya taso daga Cadi ya ci Kufra a 1941, an cire mata sojojinta baƙar fata lokacin da aka sake tsara ta a 1943 aka ba ta tankokin Sherman na Amurka, kuma takardun manyan hafsoshin Amurka na 1944 sun nuna sun fi son rundunar da za ta shiga Paris ta kasance ta farare. Tanka iri ɗaya ce, yaƙi ɗaya, kuma a ɓangarorin biyu an ɗauke ta a matsayin abin da ya fi ƙarfin baƙar fata.

Kwana goma sha biyu bayan mutuwar Rivers, ranar 1 ga Disamba 1944, sojan Faransa ya buɗe wuta a kan tsofaffin fursunonin yaƙi ƴan Afirka a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, saboda sun nemi haƙƙinsu na kuɗi. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama kuma suna ganin adadin ya kai ɗaruruwa. Sai a 2024 shugaban Faransa ya amince a rubuce cewa kisan kiyashi ne. Fanshon tsofaffin sojojin Afirka da aka daskarar tun 1959 bai daidaita da na Faransawa ba sai bayan shekara hamsin. Mu ma muna da ayyukan da suka ɗauki wannan nauyi: Camp de Thiaroye na Sembène Ousmane da Thierno Faty Sow a 1988, wanda har ya haɗa sojan Afirka da baƙar fatan Amurka a fage guda, da Cabascabo na Umaru Ganda, wanda shi kansa tsohon sojan Indocin ne, ya kuma nuna sojan da ya dawo gida kuɗinsa suka ƙare abokai suka watse. Ganda bai yi wa tauraronsa kirari ba, shi ya sa har yau fim ɗin yake tsaye.

Malamin da ya jera waɗannan ayyuka kusa da labarin Bataliya ta 761 ya sami darasi mai kyau a kan yadda dauloli biyu masu cewa suna yaƙin ƴanci suka bi da waɗanda suka yi musu yaƙin. Ƙungiyoyin al'adu kuma suna da aikin da ya fi wannan gaggawa. Mazan jiyan da suka yi yaƙin Hitila kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage yana hannun ƴaƴa da jikoki: littafin soja a ƙasan akwati, takardar fansho, lamba mai tsatsa, hoto, da labarin da kaka ya bayar a zaure. A tattara su tun kafin gara ta riga mu. A wajen tattarawar kuma a ware abu uku, kowane a shafinsa: abin da tsohon ya ce ya gani da idonsa, abin da ya ce ya ji daga wasu, da abin da iyali da maroƙa suka ƙara daga baya. A rubuta maganar yadda aka faɗe ta, da Hausarta, kada a gyara ta. Sannan a gwada ta da takarda, ko a gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa a Yamai, ko a ma'ajiyar takardun sojojin Faransa da ke garin Pau. In baki da takarda suka saɓa, a rubuta duka biyun, a bar saɓanin a fili.

Kammalawa

Brothers in Arms littafi ne da ya cancanci karatu. Ya ɗauko mutanen da aka ture gefe ya sa su a tsakiyar fage, ya kuma yi haka ta hanyar nuna aikinsu da tsoronsu da zumuncinsu a cikin ɗakin ƙarfen nan mai mutum biyar. Rauninsa na masoyi ne, wanda ƙauna takan sa ya ɗaga murya inda magana a hankali ta isa. Abin da Leonard Smith da abokansa suka yi tsakanin Nuwamba 1944 da Mayu 1945 bai buƙaci ƙari ba, haka ma abin da kakanninmu suka yi a Furobans da sauran fagagen. Haƙƙinsu a kanmu shi ne a faɗi abin da ya faru daidai yadda ya faru, da sunan ƙauyen da ranar, ta yadda ko wanda ba ya ƙaunarsu ba zai sami abin musantawa ba. Allah ya jiƙan mazan jiya, ya ba mu ikon riƙe amanar labarinsu.